Ƙofar da Munzali Ya Rantse a Kanta

Ga ta nan ga ta nanku, sai dai wannan ba ta zamanin kakanni ba ce, ta bana ce, kuma a Funtuwa aka yi ta. Ku gyara zama ku ji har ƙarshe, don akwai shari'a a gabanku.

Akwai wani mai gyaran waya a kasuwa, sunansa Munzali. Hannunsa na da albarka, ba a kawo masa waya ta koma gida a mace. Bakinsa ne dai ba shi da linzami. Shekararsu shida da matarsa Barira, kuma a cikin shekarun nan sau biyu yana sakinta a kan abin da bai taka kara ya karya ba, na farko a kan miya, na biyu a kan makullin babur. Dattawa suka shiga suka gyara. Igiya ɗaya ta rage, ga Barira da cikin fari wata bakwai.

Wata uku kafin nan aka kawo masa tarkacen wayoyin gwanjo a buhu. A ciki ya tsinci wata tsohuwar 'yar na'urar gem, ba ta fi tafin hannu biyu ba, gefenta a tsage. Ya gyara ta. Wasa ɗaya ne tal a cikinta, rubutunsa kuwa ba boko ba, ba ajami ba, wasu 'yan ƙugiyoyi ne da duk kasuwar aka rasa mai karantawa. Wani ɗan mutum ne riƙe da fitila yake yawo a cikin wani ƙaton gida, kowane ɗaki da irin kullensa, sai ka yi dabara ka wuce. Cikin mako uku Munzali ya wuce ɗaki talatin da tara. A na arba'in ya tarar da ƙofa, ba mariƙi, ba ramin makulli, ba komai. Wata biyu yana tsaye a gabanta.

Ya tura, ya ja, ya doka, ya gwada duk tarkacen da ɗan mutumin ya tsinto a hanya. Ya shiga intanet ya bincika. Abin da ya samu kawai shi ne wani bawan Allah a wata ƙasa da ya ɗora hoton ƙofar, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana tambayar yadda ake buɗe ta. Ba wanda ya ba shi amsa, sai mutum ɗaya da ya rubuta a ƙasa: "Ni ma."

Ran wata Asabar da azahar abokansa biyu suka biyo shi gida. Barira ta kawo abinci ta ajiye, bai ɗago kai ba. Ta ce, da muryar nan tata mai sanyi kamar mai lallashin jariri, "Maigida, ƙofar nan fa ta fi ƙarfinka. Ka haƙura ka ci abinci." Abokan suka fashe da dariya. Munzali ya miƙe, jijiyar wuya ta tashi.

"Ta fi ƙarfina? Ni Munzali? To wallahi in aka kira sallar Juma'a ban buɗe ƙofar nan da hannuna ba, na sake ki!"

Dariya ta ɗauke. Kafin la'asar yana durƙushe a gaban limamin unguwa.

"A kan ƙofar gidan wa ka yi wannan rantsuwa?" in ji liman, yana jan kowace kalma kamar zai auna ta a mudu.

"Ta cikin gem ce, Malam."

"Ta cikin me?"

Aka nuna masa. Ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau. Ya ce, "To. Magana dai ta fita, shaidu biyu sun ji ta. Ni ba ni da makullin wannan ƙofa. Sai ka je ka buɗe abarka."

Barira ba ta yi kuka ba. Kullum dai sai ta sauke kwano biyu ko uku daga kabad, ta goge, ta jera a kwali.

Cikin makon nan mata uku suka shigo gidan. Ta farko da ta zo ita ce Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Munzali. Ran Litinin ta iso tana dogara sanda. Yanar ido ta rufe mata gani, amma a ƙuruciyarta ita ce ke jan kiɗan ƙwarya a duk bikin unguwarsu. Ta zauna, ta ce a miƙo mata abin da zai kashe aure.

"Ga shi, Gwaggo, amma ba za ki iya gani ba."

"Na ce maka kallo na zo yi, ɗan nema? Shi abin ba ya magana ne?"

Ashe tun ranar farko Munzali ya kashe sautin na'urar, don kada Barira ta riƙa jin yana wasa. Ya kunna. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, a wani lungu na ɗakin. Gwaggo ta kara na'urar a kunne, ta daɗe, yatsunta na motsi a kan gwiwa. Can ta ce, "Wannan ba ruwa ba ne. Ruwa ba ya ɗiga da tsari. Uku, a huta, ɗaya, a huta, biyu da sauri. Kiɗa ne, a ƙofar ake so ka buga shi." Ya sa ɗan mutumin ya ƙwanƙwasa, bai yi ba, don hannunsa na gaggawa. Ya sake, bai yi ba. Sai Gwaggo ta matso ta riƙa buga masa kiɗan a gadon baya, da ƙarfi fiye da yadda aikin ke buƙata, har ya kama. Ƙofar ta girgiza, wani ɓawo ya faɗo daga tsakiyarta, sai ga gurbi mai siffar fure, wanda ake so a sa wani abu a ciki.

Murna ta kama Munzali, bakin nan ya buɗe. "Gwaggo, wallahi in mace Barira ta haifa, sunanki za a sa!"

Gwaggo ta ce, "Ka dai fara riƙe uwar."

Ta biyu ita ce Hansatu mai hula, maƙwabciyarsu ta jikin katanga. Shekara ashirin tana ɗinkin hula, ba ta taɓa riƙe gem ba. Ran Laraba ta shigo taya Barira ɗaure kwali, Munzali kuwa yana zaure, kwana biyu ya rasa abin da zai shiga gurbin nan. Barira ta karɓo na'urar ta nuna mata. Hansatu ta dubi furen, zare a bakinta, ta ce ta hanci, "Fure ɗaya ba ya zama zane. Ina 'yan uwansa?" Aka kai wa Munzali tambaya. Sai ya tuna a ɗakin farko, tun farkon wasan, akwai darduma cike da irin furen nan, wadda ya taka ya wuce bai ko kalle ta ba.

Ya juya ɗan mutumin baya, ɗaki talatin da tara. Da ya isa, aka sake kai wa Hansatu. Furanni ne sun fi ɗari uku, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Ta ɗauki allura, ta riƙa bin su da tsininta layi-layi a kan gilashin, yadda take ƙirga idon hula. Tun bayan azahar har inuwa ta kai bakin rijiya tana abu ɗaya. Sai ta tsaya a kan wani can kusa da gefe. Ta ce, "Wannan ganyensa bakwai, saura takwas-takwas. Kuma ba kuskure ba ne. In hannu ya kuskure, na kusa da shi ma sai sun karkace. Wannan shi kaɗai ya fita daban, maƙwabtansa daidai suke. Da gangan aka yi." Munzali ya tsayar da ɗan mutumin a kan furen, ya sa shi ya tona, sai ga furen ƙarfe ya fito daga ƙarƙashin darduma.

Daga zaure ya ɗaga murya, har masu wucewa a layi suka ji. "A gaya wa Hansatu, wallahi in mace ce, takwararta ce!"

Hansatu ta cire zaren daga baki ta ce, "A gaya masa na ji, kuma ba na mantuwa."

Komawa ta cinye masa Alhamis ɗungurungum, don ɗakunan sun sake kulle kansu, sai da ya bi su ɗaya-ɗaya. Da hantsin Juma'a ya isa ɗaki na arba'in, ya sa furen a gurbinsa. Furen ya shiga, ya juya, ya yi ƙas. Ƙofa ko motsi.

Ta uku ita ce Yaya Kubura, yayar Barira, wadda ke aure a Malumfashi. Ita ba warware wasa ta zo yi ba. Da a-kori-kura ta zo, don a kwashe kayan ƙanwarta kafin a sauko daga masallaci. Ta tarar da Munzali a tsakar gida, ido ya yi ja, yana ta danne-danne. A wasan nan, fitilar ɗan mutumin tana shan mai, duk bayan ɗan lokaci sai an ƙara mata. Wata uku Munzali bai taɓa bari ta mutu ba, don ya ɗauka in duhu ya rufe, ɗan mutumin ya mutu ke nan, a koma farko.

Yaya Kubura ta fizge na'urar daga hannunsa. Muryarta dama ko raɗa take yi ana ji a bayan gida.

"Kawo nan! Ƙato da gemu, ka ɗora auren ƙanwata a kan ɗan tsana! Tashi ka kama mana gado!"

"Yaya, don girman Allah, man fitilar zai ƙare!"

"Ya ƙare mana. Naka hankalin da ya ƙare wa ya mutu?"

Ta jefa na'urar a jakarta, ta rataya. Ta sa shi shi da direba suka fitar da gado, suka fitar da kabad, suka fitar da kwalaye goma sha ɗaya. Duk kwalin da ya ɗauka sai ya roƙe ta, duk roƙon da ya yi sai ta nuna masa wani kwalin. Sai da aka ji ladan yana busa lasifika yana gwadawa, sannan ta ciro ta wurga masa. "Ungo, yi bankwana da abokinka."

Fitila ta mutu, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Amma ɗan mutumin yana nan tsaye da ransa. A cikin duhun kuwa, can ƙasa kusa da dokin ƙofa, wani ɗan mariƙi yana ƙyalli, wanda hasken fitila ya ɓoye shi duk tsawon watannin nan. Munzali ya sunkuyar da ɗan mutumin, ya ja. Ƙofa ta buɗe. Barira ta gani, direba ya gani, abokan nan biyu da suka zo jiran hukunci su ma suka gani, kuma sai da suka gama gani ladan ya ɗaga murya.

Bayan ƙofar ba komai sai wani ɗan fili da bishiya ɗaya. Ɗan mutumin ya je ya zauna a gindinta, rubutun ƙugiyoyin nan ya yi ta wucewa, wasa ya ƙare.

Munzali ya zube a gaban Yaya Kubura. "Yaya, wallahi tallahi in mace ce..."

"Rufe mini baki! Ni zan ba ɗiyar mai irin wannan kan sunana?" Ta gyara mayafi. "To, na karɓa. Sauke gadon."

Wata biyu bayan haka Barira ta sauka lafiya. Mace, kuma guda ɗaya. Su ukun duk sun zo barka, kowacce da turmin atamfa da kayan jarirai, kowacce ta ɗauki yarinya ta ce, "Sannu da zuwa, takwara." A nan suka ji juna.

Masu goyon bayan Gwaggo Tabawa suka ce ba don kunnenta ba, da har yau ƙofar nan shafaffiya ce, ba wanda zai san akwai gurbi, balle a nemi fure. Ita ta fara, ita ce babba, ita aka fara yi wa alkawari. Waɗansu suka ce kiɗan nata rami kawai ya tona, da a nan aka tsaya da aure ya mutu da raminsa.

Masu goyon bayan Hansatu suka ce ita ce ta yi aiki na gaske, rabin wuni da allura a kan fure ɗari uku, kuma ba danginta ba ne, ba abin da ya tilasta ta. Waɗansu suka ce ai Gwaggo ce ta nuna mata abin da za ta nema, kuma furen nata ya shiga gurbi ƙofa ba ta buɗe ba.

Masu goyon bayan Yaya Kubura suka ce a jakarta fitila ta mutu, kuma duk Funtuwa ba wanda zai iya raba Munzali da na'urar nan na rabin sa'a sai ita. Da ba ta zo ba, da yana nan yana zuba mai har a sallame. Waɗansu suka ce ita fa kashe auren ta zo yi da mota, ba ta san akwai mariƙi ba, ba ta ma san akwai fitila ba, kuma ba a yi wa mutum tukwici a kan abin da bai nufa ba.

An ce a haɗa sunaye biyu ko uku. Gwaggo ta ce nata ba ya bin bayan na yara, Hansatu ta ce ita ba rabin yarinya aka yi mata alkawari ba, Yaya Kubura ta ce a gwada a gani. An koma wurin liman, ya ce shi ya yi fatawar ƙofa, ta suna a yi a gida. Munzali kuwa Barira ta roƙe shi arziki kada ya ƙara cewa wallahi sai an yanka rago, yana nan zaune a zaure ya haɗa leɓe.

Jibi suna, rago na ɗaure, yarinya ɗaya ce. To ku da kuka ji yadda aka yi: tsakanin Tabawa da Hansatu da Kubura, sunan wa za a raɗa mata?