Sunan da Hamsatou Ba Ta Taɓa Kira Ba

Akwai wata mata a unguwar Albarika ta Parakou, sunanta Hamsatou, tana suyar masa a ƙofar gida. Mijinta Habou direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Gare, tashar jirgin ƙasa, zuwa arewa. 'Yarsu ta fari ita ce Mounira, sai ƙaninta Awalu.

Hamsatou mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tun da ta haifi Mounira ba ta taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ba ta zama da ita a tabarma ɗaya, ba ta yaba ta a gaban mutane. Duk unguwa Maman Awalu ake ce mata, kuma ana ta yaba mata wannan kawaici. Ba ƙin yarinyar take ba, wallahi ko kaɗan. Kullum masar da ta fi kyau ita take ware mata, sai dai ta ba Awalu ya kai.

Da Mounira ta kai shekara goma sha huɗu sai ta soma sauyawa. Ta daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace mata, ta daina zuwa wurin ƙawayenta. Ta faɗi jarrabawa, aka yi ta mata dariya a waya. A gida kuwa aka ce miskilanci ne na 'yan mata.

Wata rana da hantsi Mounira ta yi yunƙurin kashe kanta. Allah Ya sa maƙwabciya ta shigo aron rariya. Aka kwashe ta sai asibiti, sashen yara, kuma Allah Ya yi da sauran kwananta.

A sashen akwai wata ma'aikaciyar jinya, Madam Saadatou, wadda aikinta shi ne bin irin waɗannan yara bayan an sallame su. Ranar sallama ta zaunar da iyayen.

"Ciwon damuwa ne ke gare ta, kuma yana da magani," in ji ta. "Amma ku ji ni da kyau. Makonnin nan na bayan fita su ne suka fi haɗari. Maganinta ya zauna a hannunku, duk abin da zai cutar a kulle shi, kuma ku kawo ta randebu, wato ranar da aka sa muku ta ganin likita. Ke kuma Maman, ki riƙa zama da ita kina tambayarta kai tsaye, ko tunanin nan ya dawo."

Hamsatou ta sunkuyar da kai. "Madam, ɗiyar fari ce fa. Ina zan iya?"

Habou ya miƙe yana karkaɗe riga. "Madam, mun gode. Amma mu a zuri'armu ba a san irin wannan ba. Ku kun yi naku, saura ki bar mana."

A unguwa aka ce zazzaɓin sauro ne ya kwantar da ita. Don kada bakin maƙwabciya ya yi tsawo, Habou ya sa Mounira a mota ya kai ta Djougou wurin mahaifiyarsa, Hajiya Salamatu, a babban gidansu na 'yan goro. Ya ce yarinya ta zo canjin iska. Ita ma Hajiya zazzaɓi ya ce mata.

Jama'a, nan ne abin ke ba ni haushi. An ɗauki yarinya daga inda mutum uku suka san halin da take ciki, an kai ta gida mai cike da mutane inda ba wanda ya sani.

Ranar randebu ta zo ta wuce. Madam Saadatou ta kira Habou, ya ce da sauƙi. Ta sake kira, ya ce yana tuƙi. Daga nan ya daina ɗauka. Da wata ce, da ta ce ta yi iya nata. Ita kuwa sai ta hau zem, wato babur na haya, wata safiya, tana tambaya gida gida har ta iske Hamsatou a gaban tanda.

Hamsatou ta tarbe ta da fara'a, har da zuba mata masa.

"Ai Madam kin wahalar da kanki. Yarinyar nan ta warke sarai, tana Djougou. Jiya ma Hajiya ta kira tana sa mata albarka. Ta ce ba ta taɓa ganin tarbiyya irin wannan ba."

"Mi ta yi?"

"Ta raba wa 'yan'uwanta zannuwanta, har 'yan kunnenta na Salla. Ta bi ɗaki ɗaki tana neman yafiya, manya da yara. Ni ma jiya yarinyar ta kira ni, wai in yafe mata duk wahalar da ta ba ni, in kula da Awalu."

Madam Saadatou ta ajiye masar da ke hannunta.

"Ke kuma mi kika ce mata?"

"Na ce to, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na miƙa wa ƙaninta wayar."

Masa tana ƙonewa a tanda, ba wadda ta kula. Madam Saadatou ta matso kusa, ta rage murya.

"Maman Awalu, wa kika sani yana raba kayansa, yana bin mutane yana neman yafiya?"

"Mai tafiya Makka," in ji Hamsatou. "Ko mai..."

Ba ta ƙarasa ba. Cokalin juya masa ya faɗi daga hannunta.

"Ki kira Hajiya yanzu," in ji Madam Saadatou. "Ki gaya mata gaskiya duka. Kada a bar yarinyar ita kaɗai."

"Maigida ya ce kada wanda ya ji. Yana hanyar Malanville."

"Fushin Maigida zai huce. Kira."

Hamsatou ta kira surukarta. Da aka ɗauka sai hayaniya da guɗa suka cika wayar.

"Hajiya, ina yarinyar nan?"

"Muna gidan suna, duk gidan mun fito. Ita ta ce kanta ke ciwo, za ta tsare mana gida. Ɗiyar albarka, har ta..."

"Hajiya, ba zazzaɓi ba ne ya kai ta asibiti. Kanta ta so kashewa. Don Allah ki koma gida."

Guɗar mata na tashi daga nesa. Can Hajiya ta yi salati, layin ya yanke.

Madam Saadatou ta raka Hamsatou tashar Djougou da kanta, ta sa ta a taksi. Direba ya ce sai mota ta cika. Hamsatou tana zaune tana kiran Hajiya, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta kira, ta sake kira. Mutane na cinikin burodi ta taga. Abin da ke dawo mata kawai shi ne muryar jiya: Inna, ki yafe mini. Da kuma yadda ta miƙa wayar.

Sai da suka bar Parakou da nisa wayar ta yi ƙara. Hamsatou ta kasa dannawa, sai wata mata da ke gefenta ta danna mata.

"Na same ta," in ji Hajiya tana haki. "Tana ɗaki, ta share shi tas, ta turo ƙofa. Tana zaune. Ga hannunta cikin nawa, ba ni saki sai kin zo."

Hamsatou ta yi kuka a cikin motar nan ba ta damu da kowa ba.

Kafin Hamsatou ta sauka Madam Saadatou ta kira ta. "Ki tambaye ta da bakinki. Tambaya ba ta sa mata tunanin, fito da shi take yi. In ta amsa kada ki yi faɗa, kada ki yi wa'azi. Ki saurara kawai."

Da Hamsatou ta shiga ɗakin, yarinyar tana bakin gado kanta a ƙasa, Hajiya na riƙe da ita. Hamsatou ta tsaya a bakin ƙofa yadda ta saba. "Ke" ta zo mata har kan harshe. Ta haɗiye ta. Ta taka ta zauna a gefenta, kafaɗa da kafaɗa.

"Mounira."

Yarinyar ta ɗago da sauri, tana duba ko wani ne ya shigo.

"Mounira, ni ce. Tunanin kashe kanki ya dawo?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. "Yau na yi niyya, Inna. Na ga in ba ni kowa zai huta." Ta share ido da gefen mayafi. "Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na ɗauka ba ki son shi."

"Ni na zaɓe shi," in ji Hamsatou. "Tun kina ciki."

Ba zan ce muku ta warke a ranar ba, don ƙarya ne. An koma da ita asibiti a Parakou, an yi ta magani da zama da likita, wata rana sauƙi wata rana nauyi. Habou da ya dawo ya shigo da faɗa, Hajiya, wadda ta biyo su Parakou, ta tsayar da shi a zaure ta gaya masa yadda ta iske ɗakin nan a share. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Yanzu in yana gari shi ke kai su randebu, kuma in Madam Saadatou ta kira, ko yana tuƙi sai ya gangara gefen hanya ya ɗauka.

A randebu na farko bayan dawowarsu, wata sabuwar ma'aikaciya ta leƙo tana tambaya, "Wa ke tare da yarinyar nan?"

Hamsatou ta miƙe a gaban jama'a.

"Ni ce. Maman Mounira."

Darasi: Kunya da rufin asiri abubuwa ne masu kyau, amma ba su kai ran yaro ba. Sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba, don haka kada ku fasa randebu, kada ku ƙi ɗaukar wayar masu jinya, kada ku ɓoye wa wanda ke riƙe da yaron. In yaron da ke cikin damuwa ya soma raba kayansa yana neman yafiya, ku zauna kusa da shi, ku kira sunansa, ku tambaye shi kai tsaye, ku kai shi asibiti a ranar. In kuma kai ne ke ɗauke da wannan nauyi, ka gaya wa wani yau. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila a gidansu akwai wata Mounira da ta yi shiru.