Jar Fatar da Surajo Ya Cire

Surajo matashi ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba mai musu. Ya yi karatun haɗa magunguna a Kaduna, ya dawo gida a shekarar 1982, aka ba shi riƙon wani ɗakin ajiyar magani a Bodinga wanda ke raba wa ƙananan asibitocin ƙauyuka har zuwa ƙasar Shagari. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da bai gani a littafi ba, a wurinsa ƙauyanci ne. Ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ya duba agogo.

A ɗakin akwai wata na'ura da aka kawo daga Turai tun lokacin da kuɗin mai ke zuba. Bel biyu ne, wato shimfiɗaɗɗun robobi masu jan kaya, suna tafiya da lantarki. Ana jera ƙananan kwalaben allura a tsaye a kan na farko, su wuce gaban fitila a duba ko akwai mai tsaga, sannan su haye na biyu, shi kuma ya kai su inda ake sakawa a kwalin kowane ƙauye. Tsakanin bel ɗin biyu akwai rata kamar faɗin yatsa biyu. Ƙarfen da ke cike ratar ya karye tuntuni, kuma a wancan zamani na tsuke bakin aljihu ba wanda zai aiko da wani.

Wanda ya magance matsalar shi ne Malam Attahiru, dattijon da ke kula da na'urar. Ɗan gidan dukawa ne, allura da fata ya taso yana gani. Ya samo ɗan katako ya naɗe shi da jar fatar akuya, ya ɗinke, ya fitar masa da kunnuwa biyu a gefe masu tare kwalba, ya kafa shi a ratar. Ya kuma saita bel na farko a hankali, daidai da tafiyar na biyu. Shekara uku ana aiki haka, ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Amma Surajo tun ranar da ya zo yake wa fatar nan kallon banza.

Da bazarar 1983 sanƙarau ya ɓarke a ƙauyen Mandera. Yara sama da ashirin suka kwanta, cikinsu har da Tani, 'yar shekara shida, ɗiyar Rahamatu yayar Surajo. Allurar cutar kuwa ta yi wuya a ko'ina. Da ƙyar aka samo kwalba ɗari da ashirin, suka iso Bodinga da safiyar wata Talata. Safinatu, ma'aikaciyar jinyar Mandera, ta riga motar da ta kawo su zuwa, tana zaune a bakin ƙofa da jakarta.

A ranar ne kuma ake jiran waɗansu manyan jami'ai daga Sakkwato da za su zo duba na'urar. Surajo ya sha farin kaftani, ya sa an share ko'ina. Da ya iso gaban bel ɗin sai ya tsaya ya ɓata rai.

"Malam Attahiru, a cire tsumman ga kahin baƙi su iso."

"Ranka shi daɗe, ba tsumma ba na, gada ta," in ji dattijon. "Kwalba ba ta hwaɗuwa bisa bel. Wurin ƙetarewa ta ka hwaɗuwa."

"Mutanen da sunka ƙera injin ga ba su sa mai hwatar akuya ba. So kake a yi muna dariya?"

Safinatu ta leƙo ta ce, "Yallaɓai, in haka na, ku ƙirga min kwalabena da hannu in tahi. Yara na can na jira, har da Tani taku."

"Ki dakata minti talatin kawai. Da su za mu gwada wa baƙi aikin."

Da hannunsa ya ɓalle fatar ya jefa ta bayan kabad. Malam Attahiru ya roƙe shi ko da kwalaben banza ne a fara gwadawa. Surajo ya ce ba lokaci. Haushin labarin nan ke nan a wurina: kwalaben banza suna nan cike da buhu a ƙofar ɗakin, minti biyu ya isa.

Baƙi suka iso, aka gaisa. Aka jera kwalaben duka a kan bel na farko suna ƙyalli. Surajo ya yi jawabi da Turanci, ya kunna na'ura, kuma don ya burge sai ya murɗa saurin bel na farko har ƙarshe.

Kwalbar farko ta iso ratar, gindinta ya faɗa ciki, ta kife. Ta biyu ta buge ta. Na baya suka taho a guje suka cunkushe, suka fara zubowa kan siminti ta gefe biyu. Surajo ya ruɗe, ya kashe bel na biyu maimakon na farko, abin ya ƙara muni. Kafin Malam Attahiru ya kai hannu ya zare waya daga bango, ƙasa ta jiƙe da magani.

Safinatu ta durƙusa tana tsintar waɗanda suka tsira, tana ɗaga kowace a gaban fitila. Masu tsaga ba su da amfani. Goma sha huɗu ta samu lafiyayyu. Ta naɗe su a gyalenta ta fita, ba ta kalli Surajo ba.

A Mandera dole ta zaɓa. Ta fara da yaran da suka fi galabaita, Tani kuwa a ranar tana iya zama tana shan kunu, don haka ba ta shiga ciki ba. Kwana biyu bayan nan jikinta ya rikice. Surajo ya yi ta zarya tsakanin Bodinga da Sakkwato yana roƙo, ya bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya, sai da aka kwana tara kafin a sami wata allurar. An karɓe riƙon ɗakin daga hannunsa, amma wannan bai dame shi ba kamar yarinyar.

Allah ya tashi kafaɗun Tani. Da Surajo ya ji ta miƙe, ya hau babur ya tafi Mandera da ledar alewa. Ya tarar da Rahamatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta amsa gaisuwarsa, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ambaci kwalba ba. Tani na zaune a kan tabarma ta ba ƙofa baya, ta rame, tana ɓarar gyaɗa.

"Tani, ga kawu ya zo," in ji Surajo.

Ba ta juyo ba. Ya matsa, ya ɗaga murya ya sake kira. Yarinyar ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Rahamatu ta ajiye rariya ta ce a hankali, "Zagaya ta gabanta, Surajo. Ba ta ji yanzu."

Darasin wannan labari a fili yake. Ilimi abin so ne, amma idan ya haɗu da girman kai yakan makantar da mai shi. Kada ka raina dabarar wanda ya daɗe a kan aiki don kawai ba ta da kyan gani. Kafin ka cire abu, tambayi dalilin da ya sa aka sa shi, ka kuma gwada da abin da ko ya lalace ba a yi asara ba. Kuma duk wanda aka damƙa wa maganin jama'a ya sani ran mutane ne a hannunsa, ba kayan burge baƙi ba. Wata ɓarnar ana gyara ta, wata kuwa wanda bai ji ba bai gani ba ne zai rayu da ita har ƙarshen ransa.