Uban da Ya Ƙi Goyo

Akwai wani ma'aikacin ofis da abokan aikinsa ke kira Ɗan Kwalisa. Ba mugu ba ne, amma babu abin da yake tsoro a duniya kamar idon mutane. Ko zama zai yi sai ya kaɗe kujera da hankici.

Ranar da matarsa ta haihu a ƙaramin asibitin unguwa, jaririn ya zo bakwaini, numfashi sama-sama. Ungozoma ta ce dole a kai shi babban asibiti, inda ake da kwalbar jarirai. Motar asibitin ta lalace, uwar tana zubar da jini, ungozoma kuma ba ta da wanda za ta bar wa ita. Sai maƙwabcinsu ya kawo motarsa.

"Baban jariri, buɗe rigarka," in ji ungozoma. "Manna shi a ƙirjinka, fata da fata, in ɗaure ku da zani. Ɗuminka ne zai riƙe shi har ku isa. Sanyi ke kashe irinsu."

Ɗan Kwalisa ya dubi jaririn, jikinsa duk maiƙon haihuwa, ya dubi mutanen da ke zaune a benci, ya yatsine fuska.

"Ni da goyo, Malama? Gobe a ofis a ce ni ne mai jego? Kawo shi, zan yi a mota."

A mota ya kwantar da shi a kujerar baya cikin tawul, shi ya shige gaba. Da cunkoso ya tsare su ya fara gumi, sai ya miƙa hannu ya kunna na'urar sanyi.

"Haba, maƙwabci, ba ɗumi aka ce ba?" in ji mai motar.

"Surutun mata ne. Kai dai yi tuƙinka."

Ya ci gaba da amsa wayar masu barka, yana dariya yana cewa namiji ne. Ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

A babban asibiti likita ta buɗe tawul, ta taɓa tafin ƙafar jaririn, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta yi wa uban kallo ɗaya, ta ruga ciki da yaron. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Da suka koma, matarsa ba ta yi kururuwa ba. Ta dai ce a hankali, "Ban samu na gan shi sosai ba. Da wa ya yi kama?"

Shi kansa bai sani ba, domin bai tsaya ya kalli fuskar ɗansa ba. Maƙwabcin ya yi tsaki ya fita.

Darasin shi ne, jariri marar lafiya yana buƙatar kulawa a kan hanya kamar yadda yake buƙatarta a asibiti, kuma umarnin ma'aikatan lafiya ba surutu ba ne. Rungumar ɗa ba ta rage wa namiji daraja. Abin ƙyama shi ne mutum ya fifita abin da za a ce da shi a kan ran da aka damƙa masa amana.