Kitsen Sarkin Kasuwa

Likita ya gaya wa Sarkin Kasuwa Barau kitse da sukari sun yi wa jininsa yawa. Ya ji ana cewa ruwan ɗinya yana rage su, sai ya kira Tasalla mai sayar da shi.

"Zan sha naki kwana bakwai. Ran na takwas ki nuna mini kitsen da ya fita a ƙwarya, ko ki bar rumfarki."

Ran na takwas ta same shi yana cin tsire, ta ajiye ƙwarya wayam.

"Ina kitsen?"

"Ranka ya daɗe, kullum yana tasowa. Da ya iso maƙogwaro sai ya tarar da tsire yana shigowa, ya koma ya ba baƙo hanya."

"Ya bangaje shi mana!"

"A gaban jama'a kake cewa kitsen jikinka ba shi da tarbiyya?"

Barau ya dubi dattawan da ke zaune, ya yi gyaran murya.

"Yana da ita. To, sukarin fa?"

"Shi ma shayinka yake jira ya gama wucewa."

Barau ya miƙa mata sauran tsiren. Ta cinye a rumfarta.