Dabaibayin Jaka

Ga ta nan, ga ta nanku. Wanda bai kama bakinsa ba ya tashi.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A wani gari Zaki ya daɗe yana bautar da dabbobi a gandunsa. Ran nan suka haɗa kai suka kore shi, suka naɗa Gizo sarki, aka ce duk kaka za a yi bikin 'yanci. Aka tsinke igiyar kowa, ban da Jaka. Ita ke jido wa gari ruwa, Gizo kuwa ya ce in an kwance mata dabaibayi, wa ya san inda za ta nufa?

Ranar bikin farko Jaka ta sauke tuluna, ta durƙusa, ta roƙi sarki ya kwance ta, ita ma ta taka rawa. Gizo ya dubi igiyar, ya ce lallai farar igiya ba ta dace da 'yantacciya ba. Ya sa aka rina ta da shuni. Aka rangaɗa guɗa.

Da shekara ta kewayo ta sake roƙo. Ya sa aka ɗaura wa igiyar ƙararrawa. Ta koma rafi tana ɗingishi, dabbobi na cewa kai, tafiyar 'yanci akwai daɗin ji.

A biki na uku aka ɗora mata tambari a baya, ana buga 'yanci a gadon bayanta. Ana tsakiyar kiɗa sai ga Zaki ya dawo. Barewa ta cika wa rigarta iska, Zomo ya faɗa rami. Gizo ya ɗare bayan Jaka.

"Ruga, 'yar'uwa!"

"Da wace ƙafar, ranka ya daɗe?"

Gizo ya diro, ya sa haƙori ya kwance ƙullin. Kafin ya ɗago, Jaka ta watsar da tambari, ta yi daji, ta bar shi riƙe da igiya. Da igiyar ya haye reshen tsamiya da ƙyar. Shi ya sa har yau kuke ganin Gizo yana lilo a jikin zare.

To, ku ji da kyau. Garin da ke kiɗan 'yanci alhali akwai mai dabaibayi a cikinsa, ƙarya yake yi, kuma ranar gudu zai sani.

Ƙungurus kan kusu. Ku tashi, ta ƙare.