Yadda Harshen Mu'allim Sidhom Ya Warware

Malaminmu, Allah ya haskaka makwancinsa, masani ne zahidi, mai yawan azumi da ƙarancin magana, wanda ya haddace Zabura da waƙoƙin ibadar Habasha tun ƙuruciya. Shekara arba'in ya yi yana jan waƙa a ɗan ɗakin sujadarmu da ke saman Majami'ar Kabarin Almasihu a Urushalima, inda ni Habte na yi shekara goma sha biyu ina ɗaukar karatu a gabansa.

Bango ɗaya ya raba mu da Kibɗawa, Kiristocin Masar, mai jan waƙarsu kuwa wani dattijo ne mai tsiya, Mu'allim Sidhom. Da an tashi sujada sai ya tare malam a tsakar gida: "Tsoho, gangarku ta hana mala'iku jin mu!" Malam ya yi murmushi ya ce, "Share maka hanya muke yi." Daga nan su zauna shan gahawa.

Ana saura wata biyu Ista, shanyewar jiki ta kama Sidhom, harshensa ya ɗaure, har likitoci suka ce a haƙura. 'Yarsa Damyana ta zo ta durƙusa gaban malam tana kuka: "Abba, mahaifina ko sunana ba ya iya kira. Ga waƙar Lahadin ganyen dabino, shi kaɗai ya karɓe ta daga bakin malaminsa, bai gama koya wa kowa ba."

Malam ya ce, "Tashi, 'yata. Wanda ya ba shi murya bai ce ya karɓe ba."

Da wannan Lahadi ta matso, wadda ke zuwa mako ɗaya kafin Ista, kwana uku malam ya yi bai ɗanɗana komai ba sai ruwa. Da hantsin ranar, masu ziyarar ibada sun cika ko'ina da ganyen dabino, Armeniyawa da Girkawa da Suriyanawa kowa na jiran lokacinsa, malam ya ce in kama masa hannu zuwa ƙofar Kibɗawa, inda aka ajiye Sidhom bisa kujera, hawaye na bin gemunsa. Malam ya ɗora tafinsa a maƙogwaron abokinsa, ya ɗaga wannan waƙa da harshen Kibɗawa, wanda bai taɓa karantawa ba, ta bango kawai yake jin ta shekara-shekara. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya.

Shirun ya yi tsawo har na ce a raina yau malam zai ji kunya a bainar jama'a. Sai ga murya daga kan kujera, da rawa-rawa da farko, sannan ta miƙe ta ɗauki waƙar daidai inda aka ajiye ta, har ta kai ta ƙarshe, mutane na kuka suna amsawa kowa da harshensa.

Sidhom ya kira, "Damyana." Ta faɗa jikinsa. Sannan ya dubi malam ya ce, "Tsoho, ka ja baiti na biyu da yawa."

Malam ya ce, "Gobe ka gyara mini."

Shekara shida Sidhom ya ƙara a duniya, ya koya wa mutum huɗu waƙar. Malam kuwa bai taɓa yarda a ambaci wannan karama a gabansa ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji mai kwance harsuna. Ya ƙara wa bawansa yarda, ya yayyafa mana albarkarsa, ya haɗa muryoyinmu da tasa a gaban kursiyinsa. Amin.