Makahon da Ya Hana a Canza Cok

An ce wai a wata kasuwa ta ƙasar Hausa an yi wani makaho, sunansa Malam Tanimu, wanda ya ƙi bara ƙememe. Cajin waya yake yi wa mutane a wata rumfa da take da duhu ko da rana tsaka, kuma kowace waya da tafin hannu yake gane mai ita. Su biyu ne a rumfar, shi da Sallau, tela mai aikin wuyan riga. Doguwar fitila ɗaya ce rataye a tsakaninsu, irin mai farin hasken nan.

A cikin gidan fitilar akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da masu gyaran wuta ke kira cok. Na wannan fitila ya tsufa tukuf, kullum sai ƙugi yake, zuuu, hasken kuma na ta ƙyaftawa. Kowa ya tsani ƙugin nan ban da Tanimu. Da shi yake sanin an kawo wuta, idan kuma ya ji shiru ya san an ɗauke, sai ya miƙa hannu ya juya wayoyin mutane kan batir. Bai taɓa tambayar kowa ba, kuma wallahi ba shi da abin alfahari a duniya kamar wannan.

Wata safiya sai ga Sallau da mai gyaran wuta, da tsani, da sabon cok a kwali. Tanimu na jin an kafa tsani ya miƙe ya rungume shi.

"Duk wanda zai hau, sai dai ya taka ni."

"Haba Malam Tanimu!" in ji Sallau. "Idanuna ruwa suke yi, zare na ɓace mini, jiya na lalata rigar ango. So kake ni ma in zama..." Sai ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana, Sallau. Ai ba zagi ba ne."

Mutane suka taru, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, aka kwashe su sai gaban Sarkin Kasuwa, Alhaji Nadabo, dattijon da ba ya gaggawar buɗe baki. Ya saurari Sallau, ya ga idanun nan jajawur, ya san mutumin ba ƙarya yake ba. Wani daga cikin taron ya ce ai abin mai sauƙi ne: a canza cok, in an kawo wuta ko an ɗauke Sallau ya riƙa gaya wa makaho. Sallau ya ce ya yarda, har da rantsuwa.

Ran Tanimu ya ɓaci, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ban yarda ba. Ran da Sallau ya tafi jana'iza fa? Ran da muka yi faɗa fa? Tun da na rasa idona kowa ke cewa zai gaya mini, zai kai ni, zai duba mini. Wata guda ana yi da fara'a, na biyu da tsaki. Wannan ƙarfen bai taɓa yi mini tsaki ba, bai taɓa jiran in gode masa ba. In kuka cire shi, kun mai da ni mabaraci a cikin rumfata. Ku rufe ni a ofishin 'yan sanda in kun ga dama, amma ba zan saki tsanin nan da son raina ba."

Sarkin Kasuwa ya shafa gemu, sannan ya juya ga mai gyaran wuta.

"Tsohon cok ɗin nan, zai iya tayar mana da gobara?"

"A'a, ranka ya daɗe. Cikinsa ne ya saki, shi ya sa yake ƙara. In yana shan iska zai daɗe."

Sai dattijon ya gyara zama ya ce, "Ku duka kun ɗauka abu ɗaya kuke jayayya a kai, alhali fitilar nan abu biyu take bayarwa. Tana ba da haske, haske na Sallau ne. Tana ba da ƙara, ƙara ta Tanimu ce. A sa sabon cok a sama, tela ya sami haskensa lafiyayye. Tsohon kuma kada a yar. A haɗa shi da tsohon ƙwan fitila a cikin akwatin ƙarfe mai huji, a kafa a bango daidai kunnen Tanimu, inda ƙyaftawarsa ba za ta sami idon kowa ba."

Haka kuwa aka yi. Mai gyara ya kashe layi, ya kwance wayoyin fitilar, ya ɗaura sabon cok, ya kafa tsohon a inda aka ce. Da aka kunna, haske ya tsaya cak a kan ɗinkin Sallau, akwatin bango kuma ya ɗauki ƙuginsa. Tanimu ya karkata kai ya saurara, ya koma kan bencinsa ya ci gaba da laluben wayoyi.

Wani ya ce, "Malam, ba ka yi wa Sarkin Kasuwa godiya ba."

"Sadaka ya ba ni? Abina ya mayar mini."

Da aka kai wa Alhaji Nadabo wannan magana, dariya ya yi, ya ce duk shari'o'in da ya yanka ba a taɓa yaba masa kamar haka ba.

Shi ya sa masu hankali ke cewa: kafin ka kawar da abin da ya dame ka, duba ko da shi wani yake tsaye da ƙafarsa.